Filin Likita: Jiri Da Duhun Gani Idan Mai Raunin Zuciya Ya Miƙe

Wasiƙun da suka zo mana wannan watan daga Legas da yawansu a kan abu guda suka tsaya, wato jirin da ke kama masu raunin zuciya da zarar sun tashi tsaye. Mun zaɓi guda biyar, mun taƙaita su.

Daga wani ɗan kasuwar Mile 12: Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan shekara 68 ne, shekara biyu ke nan da aka ce zuciyarsa ta yi rauni. Yana shan Lasix, lisinopril, carvedilol da spironolactone. Kwanan nan duk sanda ya tashi daga shimfiɗa don sallar Asuba sai idonsa ya rufe, dole ya dafa bango. Mun kai shi kemis an auna, an ce jininsa lafiya lau, 118/74. To me ke kawo jirin?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Awon kemis ɗin ba ƙarya ya yi ba, sai dai a zaune aka yi shi, da rana, bayan Baba ya huta a kan benci. Matsalar kuwa a tsaye take bayyana, da sassafe.

Duk sanda mutum ya miƙe daga kwance, jini kamar rabin lita zuwa lita ɗaya yana gangarawa ƙafafu da ciki saboda nauyinsa. Ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya zuwa biyu ke nan da zuciya ta rasa cikin 'yan daƙiƙu. A jijiyoyin wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya akwai wasu masu gadi da ke jin saukar nan take, su sa bugun zuciya ya ƙaru da kamar 10 zuwa 20 a minti, jijiyoyi kuma su tsuke. Shi ya sa mai lafiya ba ya ma sanin an yi. Mai raunin zuciya kuwa ta fuska uku ake taɓa shi: zuciyar ba ta da ƙarfin ƙara aiki cikin gaggawa, masu gadin nan sun dusashe saboda daɗewar ciwon, ga magungunan da ke kare zuciyar suna sassauta jijiyoyi, suna rage gudun bugu, suna kuma fitar da ruwa. Sai jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci, mutum ya ga duhu ko dishi-dishi, ƙafafu su yi sanyi, wani ma ƙeyarsa da kafaɗunsa su riƙe.

Ku auna shi da kanku a gida, da na'urar awon jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Da safe za a yi, kafin ya sha magani. Baba ya kwanta rigingine minti biyar cif, ba hira, ba waya. A ɗaura na'urar, a auna yana kwance, a rubuta lamba ta sama, ta ƙasa, da bugun zuciya. Kada a kwance abin ɗaurawar. Ya miƙe tsaye, kai kana gefensa, kujera tana bayansa. A auna bayan minti ɗaya, a sake bayan minti uku. Ka tallafe masa gwiwar hannu yadda damtsen zai daidaita da ƙirji, domin hannun da aka sake yana reto yakan ba da lambar da ta fi ta gaskiya yawa, ya ɓoye saukar da ake nema. In kwanciya rigingine tana sa shi haki, a sa masa filo biyu, a rubuta cewa haka aka yi. In kuma idonsa ya rufe kafin minti ukun su cika, a zaunar da shi, a rubuta hakan ma.

Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne: lamba ta sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta sauka da 10 ko fiye, cikin minti uku da miƙewa. Misali a kwance 124/78, a tsaye 98/66. Ku dubi bugun zuciya kuma. In ya yi tsalle sosai, a ce daga 72 zuwa 92, galibi alamar ruwan jiki ya ragu ce. In bai motsa ba alhali awon ya faɗi, ko dai carvedilol ne ya riƙe shi, ko kuma jijiyoyin da ke kai saƙo sun taɓu, kamar yadda ake gani a masu daɗaɗɗen ciwon suga. A maimaita kwana uku zuwa biyar, a ƙara awo ɗaya awa biyu bayan shan maganin safe, a kai wa likita takardar.

A irin labarin Baba, abin da muke fara zargi shi ne Lasix, maganin da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari. Sau da yawa an ɗora mutum a kan ƙwaya biyu lokacin da ƙafafunsa ke kumbure kamar turmi, kumburin ya saɓe, amma aka ci gaba da ƙwaya biyun wata da watanni, ga zafin Legas na Fabrairu zuwa Afrilu da gumi ke tsiyaya ko mutum na zaune a inuwa. Sikeli ne ke tona wannan. Baba ya riƙa hawa kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo, da irin tufafin da ya saba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In nauyinsa ya sauka da kilo ɗaya zuwa biyu ƙasa da yadda ya saba, baki na bushewa, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, ƙafa ba kumburi, an ƙafar da shi fiye da kima, likita ya kamata ya rage maganin ya kuma duba ƙoda da sinadarin fotasiyam a jini. In kuwa nauyin ya ƙaru da fiye da kilo biyu cikin kwana uku, ga kumburi ga haki, sannan ga jiri, wannan wata magana ce daban: zuciyar ce ke ƙara gajiya, kuma rage Lasix a nan kuskure ne babba. Jirin iri ɗaya, maganin kishiyar juna. Saboda haka ba a yanke hukunci a gida.

Kafin ku ga likita, a gyara yadda yake tashi. Yana kwance ya motsa tafin ƙafa sama da ƙasa sau ashirin, ya lanƙwasa gwiwa ya miƙe, domin tsokar sha-raɓa ita ce ke tura jini sama. Ya zauna bakin gado minti ɗaya zuwa biyu ƙafafu a ƙasa. Ya miƙe yana dafe da wani abu, ya tsaya ya ƙirga talatin kafin ya ɗaga ƙafa. Fitsarin dare shi ne ya fi kayar da dattawa: jiki da ɗumin barci, ɗaki duhu saboda an ɗauke wuta, a yi sauri zuwa banɗaki, a tsuguna, a miƙe farat ɗaya. A ajiye masa fo da tocila kusa da shimfiɗa, ya yi a zaune. Alwala ma a kan 'yar kujera. Ɗaga kan gado da bulo ko katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15 yana taimakawa ta fuska biyu, yana rage haki da dare, yana kuma rage jirin safe.

Daga wata Hajiya a Agege: Ina da raunin zuciya, ina yawan jin jiri in na miƙe. Maƙwabciyata ta ce jinina ne ya yi ƙasa, in riƙa haɗa lemon malt da madarar gwangwani, in kuma ƙara gishiri a abinci. Ɗana ma ya karanta a waya cewa gishiri da ruwa da yawa su ne maganin. In gwada?

Hajiya, don Allah kada ki gwada. Abin da ɗanki ya karanta gaskiya ne ga mai lafiyayyar zuciya. Ke kuwa gishiri yana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta raunana ba ta iya juya shi, sai ya taru a ƙafa, ciki da huhu. A gudu daga jiri a faɗa haki da kwanciya asibiti, an gudu ba a tsira ba. Har maganin fludrocortisone da ake ba wasu masu wannan jirin ba a ba mai raunin zuciya, saboda shi ma riƙe gishiri yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafe, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen magi, garin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda, yajin tsire, kilishi, busasshen kifin da aka gishirta, da kanwar da ake jefa wa miyar kuka ko wake. Gishirin da ake sayarwa a matsayin na masu hawan jini shi ma da haɗarinsa: fotasiyam ne a ciki, in ya haɗu da spironolactone ko lisinopril yana iya rikita bugun zuciya.

Sannan kalmar "jini ya yi ƙasa" abu biyu take rufewa. Akwai saukar awon jini, wanda na'urar damtse ke nunawa, akwai kuma ƙarancin jini, wanda sai an ɗebi jini an gwada ake ganewa. Na biyun ma yana sa jiri, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe ya yi yawa a masu raunin zuciya. In shi ne, malt da madara ba su gyara shi, suga kawai suke ƙarawa. Ki nemi a yi miki gwajin.

Ruwa kuwa, ba a ce ki ƙuntata kanki har ki bushe ba. Waɗanda ciwonsu ya yi nauyi akan iyakance musu lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar ruwan fiya-wata guda uku zuwa huɗu, har da shayi, koko da kunu. Ki tambayi likitanki adadinki, ki kuma tambaye shi me za ki yi ranar da zafi ya tsananta. Ki lura da bayan cin abinci ma: malmalar tuwo ko sakwara babba tana janye jini zuwa hanji, jiri ya zo cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ki raba abincin kashi huɗu ko biyar ƙanana, ki ɗan zauna bayan kin ci. Safar matse ƙafa da ake sayarwa kada ki saya sai likita ya duba ki, musamman in akwai kumburi da haki.

Daga wani direban tanka a Apapa: Na auna jinina na ga 96/60, sai na tsorata na ajiye duka magungunan zuciyata kwana huɗu ke nan. Ai hawan jinin ya warke ko?

Malam, ka je asibiti yau ko gobe, kada ka jira ranar da aka ba ka. Hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo raunin zuciya a Najeriya, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka magungunan nan na hawan jini ne kawai. Alhali carvedilol ko bisoprolol, da lisinopril ko losartan ko sacubitril/valsartan, da spironolactone, da dapagliflozin ko empagliflozin, ana ba da su ne don rage wa zuciya kaya, su hana ta ƙara buɗewa, su rage kwanciya asibiti da mutuwa. Mutum da yawa suna yawo da 95 ko 100 a sama ba jiri ba kasala, kuma likitocin zuciya ba su taɓa musu magani. Lambar ita kaɗai ba ta isa dalili ba. Yanke carvedilol rana ɗaya kuma yana iya sa zuciya ta yi gudu ko bugunta ya hargitse. Tunda ka kwana huɗu ba ka sha ba, kada ka koma kan tsohon adadin da kanka, wataƙila sai an fara daga ƙasa.

In da jiri tare da ƙaramar lamba, akwai tsarin da ake bi, kuma masu kare zuciyar su ne na ƙarshen taɓawa. A fara cire abin da ke saukar da awo ba tare da amfanar zuciya ba, kamar amlodipine ko nifedipine da aka bari tun zamanin hawan jini, ko maganin furostet irin su tamsulosin da doxazosin, ko amitriptyline da ake bayarwa don damuwa ko ciwon jijiya. A rage Lasix in ba kumburi. A raba lokutan shan magani maimakon watsa duka a baki da ƙarfe bakwai: carvedilol tare da abinci, domin hakan na rage saurin shigarsa jini, lisinopril kuma a ba shi tazarar awa biyu ko a mai da shi dare. Sai in duk wannan bai yi ba ake rage adadi. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka kai wa likita, har na gargajiya da na 'yan talla.

Abu biyu da ya kamata mu faɗa maka kai tsaye. Maganin ƙarfin maza irin sildenafil, har da wanda ake ɓoyewa cikin wasu haɗe-haɗen kwalba, in ya haɗu da isosorbide, wani maganin zuciya mai buɗe jijiyoyin jini, yana iya kayar da awon jini ƙasa warwas har a rasa rai. Na biyu, wanda ya yi awanni a zaune cikin layin lodi, kan motar ya yi zafi, sannan ya diro daga wannan tsayin, shi ne jiri ya fi kamawa. Ka motsa ƙafafu, ka buɗe ƙofa ka zauna minti ɗaya, ka sauko riƙe da ƙarfe. In ka taɓa suma ko sau ɗaya, kada ka riƙe sitiyari sai likitan zuciya ya duba ka ya yarda.

Daga wani dattijo a Obalende: Jiri yana kama ni in na ɗago daga sujada, da kuma in liman ya tsawaita tsayuwa. Ga azumi na tahowa. Yaya zan yi?

Baba, in ka ɗago daga sujada ta biyu ka ɗan zauna daƙiƙa biyar zuwa goma, sannan ka dafa ƙasa ka miƙe a hankali. Ka tsaya a ƙarshen sahu kusa da bango ko taga, inda iska take. A doguwar tsayuwa ka riƙa matse tsokar cinya da ta sha-raɓa kana saki, ba wanda zai gani, kuma yana tura jini sama. In duhu ya fara zuwa ka zauna nan take. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya ba marar lafiya damar yin salla a zaune in tsayuwa ta gagara.

Azumi a Legas awa 13 ne da wani abu, cikin zafi da gumi. Ka ga likita tun cikin Rajab ko Sha'aban. Wanda aka kwantar da shi kwanan nan, ko yake haki da 'yar tafiya cikin gida, ko ake kan daidaita masa magani, ko ƙodarsa ta taɓu, shawararmu kada ya yi, kuma Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame. Wanda ciwonsa ya lafa yana iya yi da tsari. Lasix yana fara aiki cikin awa ɗaya, ya ɗauki kamar awa shida, don haka shan sa da sahur yana nufin ka zubar da ruwa duk safiya ba halin mayarwa. Likita yakan mai da shi bayan buɗe-baki ko ya rage shi. Ruwan da aka yarje maka ka raba shi tsakanin magariba da sahur, kada ka kwankwaɗe shi zama ɗaya. Ranar da jiri ya hana ka tsayuwa, ko lamba ta sama ta gaza 90 kana jin jiki, ka karya.

Daga wata mai jego a Idi-Araba: Bayan na haihu aka ce zuciyata ta kumbura, an ɗora ni a kan magani. Jiya na faɗi bayan wankan jego. Surukata ta ce rashin shan kunun kanwa ne.

'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiya. Ruwa mai zafi yana buɗe jijiyoyin fata, jini ya taru a can, ga magani yana saukar da awo, ga tsuguno da miƙewa. Faɗuwar daga nan take. Ki koma ruwa mai ɗumi, a zaune kan kujera, ƙofa ba sakata, wata tana kusa. Kunun kanwa kuwa gishiri ne zalla a wurin zuciya, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta shi da wankan zafi da yawan raunin zuciyar masu jego a Arewa. Ki tafi da Inna asibiti ta ji daga bakin likita, zai fi sauƙi a kanki. Kada ki ɗauki jariri sai kin miƙe kin tabbatar ƙafarki ta tsaya.

Ki koma asibiti cikin makon nan ko da kin ji daidai, domin a mai raunin zuciya ba kowace faɗuwa ce ta saukar awo ba. Suman da ya zo ba gargaɗi, ko a zaune, ko a kwance, ko ana cikin aiki, ko bayan zuciya ta yi ta dukan tara-tara, yana iya zama rikicewar bugu, kuma wannan sai an yi gwajin ECG, wato na'urar da ke zana yadda zuciya ke bugawa. Wannan, da ciwon ƙirji, da haki a zaune, da gumi mai sanyi, da ruɗewa, da karkacewar baki, da baƙin bayan gida, duk na gaggawa ne ga kowa, a kira 112 ko 767, ko a nufi asibiti mafi kusa. Amai da gudawa ma ba a kwana da su ana shan Lasix, spironolactone, lisinopril ko dapagliflozin, a tuntuɓi likita a ranar, don sau da yawa sai an dakatar da su kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya faɗi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa kan filo ko kujera, kada a tayar da shi zaune, kada a ɗura masa ruwa ko madara kafin ya farfaɗo sosai. In ya farfaɗo yana haki, a jingina bayansa da filo, ƙafafu a miƙe. In an kira shi bai amsa ba kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kira motar asibiti.